Minti Bakwai a Titin Falasɗinu

Ranar Talata na'urar ta iso Jidda
cikin farin kwali, da soso a kowace kusurwa.
Mai shago ya ce, "Guda ta gwaji ce.
Ɗaure mariƙinta da waya, kar yara su yi gaba da shi."

Akwai wasa ɗaya a cikinta, kyauta,
kamar ƙwayar dabinon da ɗan kasuwa ke miƙo maka
tun ba ka taɓa aljihu ba.
Ba labari, ba yaƙi, ba wanda za ka ceto.
Wata 'yar halitta ce mai kai kamar buta,
tana cewa: danna nan. Karkata hagu. Saki.
In ta taka yashi, sai tafinka ya ji ɓurɓushi,
in ta taka ƙarfe, ƙwas, ƙwas, har gwiwar hannu.
Minti bakwai, allo ya yi fari,
ta koma bakin ƙofa ta manta da kai.

Aikina tsayawa a gefe.
Na ga 'yan makaranta suna ture juna,
na ga direban tasi ya bar motarsa a kunne,
na ga wata uwa ta ce "bari in duba wa yaron"
har yaron ya gaji ya zauna a ƙasa.

Ranar Alhamis Kawu Siraju ya shigo,
ya kawo mini makullin da na manta.
Tela ne a Sabil, ko in ce dā tela ne,
yanzu yana ta rufe masa ido
har zare ya daina samun kafar allura.
Na ɗora masa mariƙin a hannu don tsokana.
Ya juya shi, ya shafa bayansa, ya ce,
"Shi kuma wannan, me ake ɗinkawa da shi?"

Na tura masa babban yatsa gaba.
Yashi. Ƙarfe. Wata gada mai lilo.
Sai wurin da hadari ke haɗuwa a allo.

Ya tsaya cak.

"Yayyafi ne," in ji shi.
Bai kalli allon ba, ina zai gan shi?
"Ba irin na garin nan ba,
mai zuwa sau ɗaya a shekara ya ci motoci.
Wannan mai haƙuri ne. Ji. Ɗis. Ɗis.
Haka yake farawa a Mai Wurno, kan rufin ciyawa,
innata na kwashe shanya,
kogi na can yana kumbura a hankali."

'Yar butar nan ta zame ta faɗa rami,
ta fito, ta sake faɗawa.
Ko a jikinsa.
Hannayen da suka yi shekara arba'in kan keke
sun tallabe farar roba kamar ɗan tsako.
Yara biyu na bayansa suna tsaki,
na yi musu ido.

Allo ya yi fari.
Muryar ta ce da Larabci: maraba da sabon zuwa.
Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Shekara sittin da ɗaya ina garin nan,
kullum gaisuwar da nake samu ke nan."

Ya tambayi kuɗi. Na faɗa masa riyal nawa.
Ya ce a gai da mai ita.

Amma yana zuwa, bayan La'asar,
ni nake wuce masa yashin da ƙarfen da gadar,
in miƙa masa daidai ɗigon farko.
Minti ɗaya da rabi ne rabonsa.
Mai shago ya ce wata mai kamawa
za a cire na gwajin a sa ƙwallon ƙafa,
ita ce ke jawo ciniki.
Ban gaya wa Kawu ba tukuna.

Jiya, ina saukar da ƙofar ƙarfe, ya riƙo hannun rigata:
"Kai da ka san kanta,
babu inda ake dannawa
a kashe hoton, a bar ruwan?"