Karas Uku

Kwamfutar Baba ta mutu ran Talata,
wata bakwai bayan shi.
Ta yi tari sau biyu, fankarta ta tsaya,
ƙaurin roba ya cika shagon.
A cikinta lissafin Farin Gada yake,
shekara goma sha tara na kabeji da karas,
buhunan dankali daga Bokkos,
wa ya biya, wa ya ce sai Juma'a,
wace mota ta kwana a hanya kaya suka ruɓe.

Masu bin mu sun zo da takardunsu.
Waɗanda muke bi, gaisuwa kawai suka zo.

Na sa aka ciro faifan, na ƙulle a ɗankwali,
na hau Keke zuwa Taminus,
bene na biyu, bayan mai ɗinkin jaka,
wajen Kangyang mai gyara.
Ta ɗaga shi kamar mai duba ƙwan zabo.
"Bayanan na nan da ransu.
Manhajar da ke karanta su ce ta tsufa,
sababbin injina ba sa jin yarenta."
Na ce shi ke nan ke nan?
Ta ce, "Zauna, hannunki har rawa yake. Ga shayi."

Sai ta buɗe burauza,
wannan dai da nake duba farashin atamfa a ciki,
ta ce nan za ta gina wa tsohuwar ɗaki
irin wanda ta saba kwana,
ta farka ta ɗauka gida take.
Na ce ai yaudara ce.
Ta ce, "Lallashi dai. Haka ake da tsofaffi."

Layin lodi ya yi ta rarrafe.
Ƙanƙara ta soma jifan kwano,
aka ɗauke wuta, aka ta da janareta,
muka koma farko.

Can sai ga taga a cikin taga,
toka-toka, haruffanta masu kaifin kusurwa,
da ɗan ƙarar nan da take yi da asuba
lokacin da Baba ke hura shayinsa yana jiran ta.
Ta nemi kalmar sirri.
Na sa sunana. Ta ƙi.
Na sa na Inna, na sa lambar tsohuwar motarsa. Ta ƙi.
Don haushi na rubuta kabeji.
Ta buɗe.
Kangyang ta yi dariya har da riƙe ciki,
ni ma na yi, ban san lokacin da ta juye ba.

Na zo ne da biro da niyyar karɓar haƙƙinmu.
Ga sunaye, ga buhuna, ga kuɗi a jere,
ga kuma wani siririn gurbi a gefen dama
inda yake magana shi kaɗai:

Davou, buhu shida. Matarsa na asibiti, kar a tambaya.
Sale mai baro, an yafe, kada ya sani.
Madam Ngozi ta biya har da ƙari, a mayar mata.
Alhaji Gambo zai ce ya manta. Bai manta ba.

Na yi ƙasa, na yi ƙasa,
shekaru na wucewa ƙarƙashin yatsana,
har na iske wata Asabar ta damina:

Turai ta ɗauki karas uku.
Ta ce za ta biya in ta girma.

Shekarata bakwai a ranar.
Gurbin gabansa fayau,
bai rubuta an biya ba,
bai rubuta an yafe ba.

Kangyang ta ce yanzu ko a wayata zan iya buɗewa,
ko'ina nake, muddin da data.
Ta turo madannai gabana:
"Cike shi mana, nawa karas uku yake?"

Ruwa ya tsagaita, Taminus ta dawo da hayaniyarta.
Da na zo rufewa, tsohuwar ta tambaya
ko a adana canji.
Ban canja komai ba.
Na bar layin yadda ya bar shi.
Bari ya ci gaba da bi na.