Ninki

Baba, ka ce in faɗa maka abin da nake karantawa
har fitilar caji ta mutu a Ɗorayi.
To saurara, labarin shagonka ne na Kwari.

Jikinka cike yake da 'yan ɗakuna,
ido ba ya ganinsu sai da madubin asibiti.
Kowane ɗaki da masaƙarsa,
tana fitar da furotin, dogo, ɗanye,
ba ya moruwa sai an ninke shi daidai,
kamar turmin atamfa:
lanƙwasa ɗaya ta karkace,
mai saye ya ɗaga ya ajiye.

Akwai masu ninki, irin su Sagiru.
Ran da kasuwa ta yi sanyi
sukan jingina da bango,
kowa tafinsa a kan bakin mai gadi.
Masu gadin uku ne, shiru suke don an toshe su.

Sai ran da kaya suka yi yawa,
kamar daren da 'yan Agadas suka sauka mota biyu,
yadi a ƙasa, a cukurkuɗe, wannan ya kama wancan.
Su Sagiru su saki bakunan, su ruga.
Ka ga dabarar?
Ba wanda ya ƙirga tulin.
Hannun da ya tashi daga baki, shi ne labari.

Na fari ya ce a sassauta masaƙa.
Na biyu ya bar ƙofa, ya bi layi har wurin maigida
a ƙaro hannu.
Na uku ɗan almakashi ne,
ya datse wata wasiƙa, aka haɗa bakinta,
sai ga ta ta karantu:
a faɗaɗa shago,
abin da ya ƙi ninkuwa a fitar, a warware.

Galibi kafin la'asar fili ya sharu.

Amma in yau ta bi jiya, tulin bai ragu ba,
masu gadin nan dai, su ne za su sauya magana.
Ɗakin ya tattara komatsansa da kansa,
ya kashe wuta, ya ja ƙofa,
don kada ɓarnarsa ta shafi maƙwabta.

A shafin nan na daɗe, Baba.
Ɗakunan da ke ninke maka insulin
shekara nawa ba su san Juma'a ba?
Takardar da aka ba ka a Murtala
ba ta faɗi nawa suka ja ƙofa ba,
lamba kawai, da jan biro a ƙarƙashi.

Ka yi shiru, ka dubi kofin shayi,
ka ture gwangwanin madara da bayan hannu.
Ka ɗauki hankicinka,
kusurwa ta sami kusurwa, ba ka ko duba ba.
Can ka ce: «Kira min Sagiru.
Ce masa gobe kada ya fito da wuri.»