Kwabon Baba

Ƙarfe biyun dare Barnabas ya buga mini ƙofa:
"Maƙwabci, motarka tana jan ido a rumfa."
Na fito, takalmi ƙafa ɗaya.
Makulli na aljihuna, inji ya huce tun magariba,
amma fitilun birki jawur kamar garwashin mai tsire.
Tana ta gaya wa katanga za ta tsaya,
ita da ta kwana uku a tsaye.

Na cire kan batir, na koma shimfiɗa.

Fijo ce, ta girme ni da shekara guda.
A nan Kakuri aka haɗa ta,
Baba yana cikin waɗanda suka ɗaure mata ƙofofi,
sai da ta tsufa a hannun wani kafin kuɗinsa su kai gare ta.

Da safe na ce, Rumasa'u, ajiye kokon nan,
tsaya a baya ki zama idona.
Na mayar da kan batir. "Ta kama!"
To. Ba laifin ƙwan fitila ba ne,
matacce ba ya kwana yana haske.
Ba fis ba ne, da ya ƙone da duhu muke nema.
Na bi waya tun daga but, ƙarƙashin darduma,
ko ɓera ya yi walima,
ko tsirara biyu sun haɗu a ɓoye.
Ban samu komai ba sai ƙwallon dabino
da rasit ɗin mai na zamanin da lita ba ta kai naira ba.

Na kira Tanimu mai riwaya a Panteka.
Bai bari na gama ba:
"Makunnin feda ne, Alhaji. Sabo babu,
amma akwai na wata da aka yanka jiya."
Aka yanka.
Na ce zan kira shi.

Sai na kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari,
ƙafafu bisa kujera, tocila a baki,
tsatsa tana zubo mini a gira.
Ga shi can, ɗan abu kamar babban yatsa,
da wayoyi biyu da ɗan harshe a waje.
Na zare waya ɗaya.
"Ta mutu!"
Ashe na zargi hanya a banza.
Na mayar, na danne harshen da farce.
"Ta mutu!"
Na saki.
"Ta kama! Abba, wasa kake yi?"

Shi ma lafiyarsa ƙalau.
Aikinsa ɗaya: feda ta dawo ta taɓa shi, ya yi shiru.
Feda tana dawowa, ba ta iske shi,
inda roba take a da, rami ne kawai,
harshen yana leƙawa ta ciki, yana jiran hannun da bai zo ba.

Da na juya wuya in huta,
na gan shi a lungun darduma:
kwabo, jan kwabo,
tsakiyarsa ta lotsa, bayansa busasshen gam.
Na san wannan aikin.
Mutumin da ya ɗaure mariƙin buta da wayar keke,
wanda bai taɓa jefar da ƙusa ba ko ta lanƙwashe.
Shekara tara da rufe shi a Tudun Wada,
kwabonsa yana nan yana karɓar duka
duk sanda na ɗaga ƙafa,
a gadar Kawo, a cunkoson Kasuwar Barci,
ban sani ba.

Na daɗe a kwance. Tocilar ta fara ɗaci.

Na kankare tsohon gam da reza,
na shafa sabo, na riƙe har yatsa ya sage,
na ɗan sassauta noti, rabin juyi.
"Taka!" Na taka. "Ta kama."
"Saki!" Na saki.
Shiru.
"Abba, ta mutu."

Ta leƙo ta taga, koko a leɓe:
"Wannan kuɗin me yake saya?"
Na ce, yanzu kam ba ya sayen komai.
Ɗauko mini tsumma.