Yatsun da Na'ura Ta Ƙi

Ƙarfe biyar na asuba a Gdańsk,
ni ne na sha bakwai a layin ofishin baƙi.
Halyna, mai gyaran farce daga Poltava,
ita ke riƙe da takardar sunaye a gindin fitila.
Ta ce, sunanka? Na ce Ɗalhatu Maikuɗi.
Ta rubuta shi babu lanƙwasa,
yadda biza ta rubuta,
yadda kowa ke yi a nan.
Tun a filin jirgi aka tuɓe wa sunana hula.

Maikuɗi! Da kakana zai leƙo lissafina,
da ya karɓe sunansa.
Albashi kan yi sallama ran goma ga wata,
ya gaisa a tsaye, ya ce sauri yake.
Zuloti dubu biyu da ɗari huɗu na ɗaki,
ɗari biyar na ruwan zafin da ke zagaya bango,
katin jirgin ƙasa, inshorar lafiya,
ga tafinta mai hatimi da ya caje ni tamanin
don ya shaida da harshensu
cewa lalle an haife ni.
Ragowar nake karyawa biyu:
rabi gida, rabi kabeji da dankali.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya.
Na fafe nawa wata uku kafin yau:
hoto huɗu, kunnuwa a waje, ban da murmushi,
kwangilar ma'aikatar jiragen ruwa,
da sa hannun Bogumiła, tsohuwar da na haya ɗakinta,
wadda sai da ta ga ina wanke tukunya da kaina
kafin ta yarda a rubuta cewa a gidanta nake kwana.

Taga ta tara. Jami'in ya turo gilashi mai koren haske:
ɗora yatsu.
Na ɗora. Na'ura ta yi shiru.
Ya ce goge. Na goge a wando.
Ya ce hura musu iska. Na hura.
Shekara goma sha ɗaya ina walda,
ƙarfe ya lashe zanen da aka haife ni da shi.
Hannun da suka aiko a ɗauko
shi ne na'urarsu ta ce ba ta sani ba.

Ya buga ja a fasfo, ya yi mini bayani a hankali:
da wannan kana iya zama,
amma in ka fita, ƙofa ta rufe.
Na ce har yaushe?
Ya ɗaga kafaɗa, ya kira na sha takwas.

A cikin zaman nan Lantana ta sauka.
Na ci suna ta waya, ina zaune bakin gado,
ragon da na biya yana kuka a tafin hannuna,
dusar ƙanƙara na lulluɓe ƙugiyoyin tashar jirgi.

Bogumiła ba ta jin yarena, ni ma nata tsinta-tsinta.
Daren nan ta ƙwanƙwasa,
ta ajiye gwangwanin man da mijinta ke shafawa,
shi ma walda ya yi, har ya kwanta dama.
Ta nuna da hannu: shafa, sa safa, kwanta.
Kwana ashirin ke nan ina barci kamar ɗan dambe.

Jiya da na ɗaga babban yatsa ga fitila
na ga layi biyu, sirara, suna dawowa,
kamar sawun tururuwa bayan ruwa.

Yau kuma aka kara wa jaririyar waya.
Ba ta dube ni ba.
Ta dai danna yatsanta a kan fuskata,
sabo fil, da zanensa cikakke,
ta bar maiƙo a gilashin.

Na ce wa Lantana, kar ki goge.