Sittin da Biyu

Hotuna huɗu suka faɗo mini bayan La'asar,
ina shagona a Wadata, an ɗauke wuta,
shayi ya huce a kan teburi.
Daga Tawa ne. Barira ce, ɗiyar Nomau:
"Baba Ilu, duba mini kwandalar nan,
nawa za ta yi?"

Na goge tabarau da bakin riga,
na sa yatsa biyu na buɗa hoton
har kan barewa ya cika salula.

Irin wadda ba a buga don kasuwa ba ce.
Ba ta taɓa sayen gishiri ba,
ba ta kwana ƙulle a haɓar zane ba.
Filinta madubi,
barewar kuwa fari fat, kamar an barbaɗa mata gari.

Mu a sana'armu daga saba'in ake saukowa.
Saba'in ta marar aibi ce.
Shekara ashirin ina jin labarinta a Yamai,
ban taɓa yin ido huɗu da ita ba.

Shi kuwa hoto maƙaryaci ne mai ladabi.
Haske ya zo ta hagu, ya rufa wa ƙarce asiri,
ya zo ta dama, ya yi wa azurfa ƙazafi.
Wannan siririn layi da ya ratsa wuyan dabbar,
a jikinta yake?
A kwanson roba yake?
Ko tsagar gilashina ce,
tun ranar da jikana ya yar da wayar a bakin famfo?

Na ce ta fita tsakar gida, ta nemi inuwar bedi,
ta karkata ta kaɗan kamar mai tsiyayar hura,
ta riƙe numfashi, ta ɗauka.

Layin ya tafi. Ashe ƙura ce.
Sai madubin ya kawo mini abin da ban tambaya ba:
ganyen bedi, rabin fuskarta,
bayanta kuma ƙofar ɗakin Nomau
da sabon kwaɗo a jiki.

Na gangara ƙasa, wajen da shekara take.
Nan na tarar da shi.
Zanen babban yatsa, ya yi ruwan ƙasa,
zufa ta ci azurfa ta zauna.
Ba na jiya ba ne, ya haura shekara talatin.
A tsakiyar zanen akwai tabo a gicciye.

Na san tabon.
Ina wurin wuƙar fata ta zame masa.
Da yatsan nan ya dangwala a takardar shagonmu na farko.
Sau nawa na ce da shi,
Nomau, kada ka fid da ita daga kwanso?
Ya yi dariya har da tari, ya ce:
"Ilu, abin da ban taɓa ba ai ba nawa ba ne."

Barira ta ga na daɗe.
"Datti ne? In sa mata toka da lemun tsami?"
Hannuna na rawa na rubuta: Kul.
Kada ki sa mata ko numfashinki.

Ban da yatsan, da na ce sittin da takwas,
kuɗin makarantar ƙannenta har damina biyu.
Da yatsan, ba ta kai rabi ba.
Na juya hoton, na rage haske, na ƙara,
ina neman wurin da zan ɓoye shi.
Ma'auni bai san aboki ba.

Na rubuta: sittin da biyu,
kuma a hoto ne, sai na riƙe ta a hannu.

Ta karanta. Shiru.
Mai tsire ya hura gawayi a ƙofar shago,
masu kabu-kabu suka fara kunna fitila,
ladan ya gyara murya.

Sai da na miƙe alwala wayar ta motsa.
Ba ta tambayi farashi ba. Ta ce:
"Baba, wurin yatsan da ka ƙara wa girma,
turo mini shi."