Ante Uku a Kan Tebur

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe littafin lissafi
a kamfanin gashin tumaki, bakin tashar Punta Arenas,
ko kwabo bai taɓa ɓace mini ba.
Sai ga kakan mahaifina ya ɓace a kan teburin cin abinci,
tsakanin gwangwanin shayi da gidan tabarau.

Ante sunansa, wannan babu gardama.
Amma Ante uku suka bar tsibirin Brač cikin shekara huɗu,
ƙauye ɗaya, sunan dangi ɗaya,
duka 'ya'yan masu fasa dutse,
biyu cikinsu sun auri Marija.
Wata bakwai ina bin sawun na tsakiya,
na ƙetare ruwa zuwa Porvenir, na kai fure kabarinsa,
na yi kuka har hanci ya toshe,
ashe makokin baƙo na zauna.
Kama da wane ba ta wane.

Da na dawo, ban cire riga ba na share teburin.

Akwatin takalma huɗu, kowane kaka da nasa.
Mutum ɗaya, kati ɗaya, lamba a kusurwar dama.
Abin da na gani da idona a rajistar coci, da tawada.
Abin da Gwaggo Zdenka ta faɗa bayan kofi na biyu, da fensir,
don Gwaggo takan aurar da matattu yadda ta ga dama.
A bayan kowane kati: wa ya ce, a ina, shafi na nawa.
Maganar da ba ta da uba
ba ta kwana a akwatina.

Magatakardan tasha ya rubuta sunanmu iri huɗu,
Bonačić, Bonacich, Bonasich,
ranar da yunwa ta ci shi kuma, Bonachi.
Na jera su a murfi kamar haƙoran baki ɗaya.

Akwai kuma baƙin littafi, wanda jikana Mirko ke wa dariya,
littafin “na duba, babu”.
Rajistar asibiti, babu. Jerin fasinjojin jirgin hunturu, babu.
Ya ce, Kaka, wa ke ajiye hannu wofi?
Na ce, wanda ba ya son faɗa wa rami ɗaya sau biyu.
Ya ɗauki hotunan katunan ya zuba a kwamfuta,
ya sa wa fayil suna “kaya”, wani “kaya sabo”,
wani “kaya sabo na gaske”.
Na zaunar da shi. Shekara tukuna, sai suna, sai gari.
Ya yi tsaki, amma ya gyara.

Ranar wata Laraba na manta taga a buɗe.
Iskar garin nan ba ta sallama.
Na tarar da matattuna ɗari biyu da sha shida a ƙasa,
suruki kan suruka, jariri ƙarƙashin murhu,
Ante uku sun rungumi juna bayan ƙofa
kamar sun daɗe suna jiran wannan dama.
Na durƙusa da gwiwoyin da ba sa so,
ina kiran lamba kamar malamar aji,
kafin fitilun tasha su kama, kowa ya koma ɗakinsa.

Sai lamba tamanin da tara ta rage a hannuna.
Luce. Shekara shida. Wai ta rasu a jirgi, an ba wa teku.
Babu coci, babu hatimi, babu shafi,
sai muryar Gwaggo, ita ma yanzu kati ce.
Dokata ta ce fensir.
Duk shekara rubutun na dusashewa,
duk shekara ina fiƙe fensir in bi kansa a hankali,
harafi huɗu,
ban taɓa tawada ba,
ban kuma bar ta ta nutse sau biyu ba.