Sa Hannu a Kan Kwalta

Ƙarfe bakwai na bar Sharaɗa,
ƙanƙara huɗu a buhun algarara,
na lulluɓe su da garin katako,
na ɗaure da robar taya a bayan sirdi.
Kafin Ɗan'agundi sun fara kuka.
Ƙanƙara ba ta san cunkoso ba,
ba ta taɓa jin wa'azin haƙuri ba.

Sai ga wani a baƙar mota,
ya sauke gilas rabi, don kada sanyinsa ya zube,
ya ce, "Baba, titi na mota ne. Koma gefe."
Ya danna mini oda sau uku
kamar ya ga tunkiya ta tsinke igiya.

Gefe?
Sauko in zaga da kai ka ga gefen.
Mai gasa masara ta kafa kasko,
wani ya juye yashin gininsa tun bara,
mai faci ya baje tayoyi har bakin kwalta,
ɗan A-daidaita-sahu ya tsaya ba sigina
yana jiran canjin ɗari biyu.
Ga lambatu baki buɗe,
murfinsa ya tafi Ƙofar Ruwa a kilo.

A nan Ɗayyabu ya faɗa.
Mai ladabi ne, aka ce matsa ya matsa,
aka ƙara cewa matsa, ya ƙara,
har ƙasa ta ƙare a ƙarƙashin tayarsa.
Kiret shida na ƙwai,
da ƙashin ƙugu.
Yanzu yana sayar da kati a zaune,
kekensa rataye a soro, gizo-gizo na hawa.
Wanda ya ce ya matsa ko waiwaye bai yi ba.

Ni ban yi boko mai nisa ba,
amma akwai wata lauya a Gyaɗi-Gyaɗi
da na kai wa ƙanƙara ranar sunan 'yarta.
Na tambaye ta ina tsane gumi da hula.
Ta yi dariya ta ce, "Malam Barau,
keke ma abin hawa ne.
Ka bi hannunka, ka tsaya in danja ta tsaya,
ka miƙa hannu in za ka juya,
ka sa fitila in dare ya yi.
Sauran tsoro ne, ba doka ba."
Na ƙulle maganar a haɓar riga,
har yau ban kashe ta ba.

Mahaifina ya taka wannan hanya da wannan keken
tun motocin unguwarmu ana ƙirga su da yatsu.
Harajin da aka zuba kwalta da shi
ba a tambayi ƙafa nawa abin hawanka yake da su ba.
Taku ɗaya nake nema, faɗin kafaɗata,
da ɗan abin da iskar tirela ba za ta kwashe ni ba.

Don haka ban koma ba.
Na riƙe layina, na buga ƙararrawa ɗaya,
ba faɗa ba, sallama.

A Ƙofar Nasarawa na same shi,
motoci sun cushe kamar goro a huhu.
Ya sauke gilas duka wannan karon,
yana kiran mai ruwan leda: "Mai sanyi! Mai sanyi fa!"
Na san yaron. Na san bokitinsa.
Na san wanda ya kai masa sanyin jiya da yamma.
Na wuce ta gabansa ban ce uffan ba.

A Kwari, Inna Ladidi mai zoɓo ta ɗaga buhu,
ta ce, "Yau sun rame."
Na ce, "An tsayar da mu shari'a a hanya."

Na waiga.
Ɗigon ruwa ya ja layi tun daga Sharaɗa,
siriri, a kan kwalta, ba a gefe ba.
Kafin azahar rana za ta goge shi.
Ba komai.
Gobe ƙarfe bakwai zan sake sa hannu.